Ƙarshen da Kabo Bai Gani Ba

Kafin Malam Kabo mai tsire ya kafa tukubarsa a unguwar Jarwal ta Makka, sai da ya yi shekara shida a Madani ta Sudan yana gadin ƙofar wani gidan silima. Ƙa'idar aikin ita ce, in fim ya kusa ƙarewa, mai gadi ya fita ya wangale ƙofofi ya tsaya a waje. Shi ya sa duk finafinan da ya kalla babu wanda ya ga ƙarshensa.

Ɗaya ne ya zauna masa a rai, wani tsohon fim ɗin ban dariya na Ingila da aka ɗauko daga wasan dandali. Ɗaki ɗaya tal, da wani siririn Bature da ya ɓuya a kabad don tsoron surukarsa. Sau goma sha ɗaya Kabo yana barinsa a cikin kabad ɗin nan.

A bakin tukuba yakan ɗaga hanci ya kwaikwayi tafiyar surukar, masu jiran nama su yi ta ƙyaƙyatawa. Matarsa Zali kam abin bai burge ta ba.

"Malam, wannan ai ba labari ba ne. Ƙato da gashin baki yana gudun tsohuwa? Ya fito ya gaishe ta mana!"

Rannan, cikin 1964, Sabo direba ya zo da albishir. Kukun wani attajiri a Jidda ya ce masa za a haska fim ɗin Baturen kabad a tsakar gidansu.

"Yalla, Baba Kabo, hau mu je."

Kabo ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Tun shigowarsa Makka bai taɓa tunkarar shingen 'yan sanda na hanyar Jidda ba. In aka kama shi, sai a sa shi a jirgin ruwa a mai da shi gida, Zali kuma ta zauna ita kaɗai. Duk da haka ya sa wankakkiyar jallabiya, ya je har bakin motar, ya dafa ƙarfen da rana ta gasa. Can sai ya sauke hannu.

"Je ka kallo mini, ɗana. Ƙarshen kawai nake so."

Washegari da hantsi Sabo ya dawo yana hamma.

"To, ya fito?"

"Wallahi Baba, wannan ne fim? Hoto tsaye wuri guda kamar an ɗaure shi, sai surutu da buga ƙofa. Misirawa sun fi su iyawa nesa ba kusa ba. Ina kai rabi na tashi."

 Kabo ya juya tsiren da ya fara ƙonewa, ya dubi mai saye.

"Da yaji ko babu?"