Yadda Rabi Take Kiran Ɗanta

Cikin duk ranakun da na yi a aikin jinya, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata a daminar bara, a wani ƙaramin asibiti kusa da Jahun. An ɗauko ni daga Dutse in taimaka wa masu bincike kan yara masu lalurar galahanga, waɗanda mu'amalarsu da mutane ta bambanta da ta sauran yara. Shugabarmu wata matashiyar likita ce, haziƙa, sai dai tashin birni ce, ga sauri kamar ana korar ta.

Cikin gwaje-gwajen akwai wani mai sauƙi. Za a zaunar da yaro da abin wasa, uwa ta tsaya bayansa ta kira sunansa, mu ga ko zai waiwayo.

Aka shigo da Habibu, ɗan shekara huɗu, tare da uwarsa Rabi da kakarsa ta wajen uba. Likita ta ce Rabi ta kira shi. Rabi ta sunkuyar da kai. Aka sake faɗa mata, ba ta kira shi ba. Nan take na gane: ɗan fari ne, kuma a ƙauyukanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle a gaban suruka. Kafin in buɗe baki, likita ta riga ni.

"Baiwar Allah, in ke uwarsa ba kya kiransa, ta ina zai koyi magana?"

Kakar ta gyara zama. Ta ce dama ta daɗe tana faɗa a gida cewa sakacin uwar ne, ga shi yau likita ta tabbatar. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, da farin kayana da komai.

Na ja likita gefe na yi mata bayani. Ta ba da haƙuri, ta nanata wa kakar cewa lalurar ba laifin kowa ba ce, amma tsohuwa ta riga ta samu abin da ta zo nema.

Da za su tafi, Rabi ta ƙwanƙwasa awarwaronta a jikin benci. Habibu ya saki abin wasan, ya taso ya kama zaninta.

"Haka nake kiransa, Sista," ta ce da ni a hankali.

Mutanen gidan mijinta ba su sake barin ta ta kawo shi ba. Tun daga ranar, mukan fara tambayar kowace uwa yadda take kiran ɗanta kafin a soma gwaji. Ku sabbin shiga aikin jinya, ku riƙe wannan: maganar farko da ta fito daga bakin mai farin kaya ita ake kai wa gida. Haƙurin da ya biyo baya, a asibiti ake barin sa.