Inda Sanda Ke Tsayawa

Kafin ya ɗauki jakar kowa a filin golf, sai ya danna kafaɗar mutumin da yatsu biyu, kamar mai duba nunar gwanda. Da haka yake gane iya inda jikin zai juya. Shi ya sa muke ce masa Mai Awo.

Ƙanena ne. Shekara talatin yana ɗaukar jakar sanduna, ni ina yankan ciyawa. Bai taɓa shiga gasa ba, amma manya da yawa a hannunsa suka koyi bugu. Karatunsa ɗaya ne: in za ka bugi ƙwallo, kada ka kai sanda baya fiye da inda ƙugunka ya yarda. Abin da ya wuce nan, in ji shi, hannu ne kawai ke yawo, kuma hannun da ya yi nisa ba ya gane hanyar gida.

Ba da baki kaɗai yake koyarwa ba. Yakan tsaya a bayan mai bugu, ya miƙa tafin hannu sama. Da sanda ta taɓa tafin, sai ka tsaya, ka sauko da ita. Na sha gaya masa wannan ba wurin tsayuwar mai iyali ba ne. Yakan yi dariya, ya ce in ji da ciyawata.

Akwai wani injiniya, ƙaƙƙarfa, mai son ƙwallo ta yi nisa. Kullum sandarsa sai ta zarce har ta leƙo ta kunnensa na hagu. Mai Awo ya yi ta matsowa, yau taku ɗaya, gobe rabi.

"Yallaɓai, ƙwallo tana gabanka. Me ka ajiye a baya?"

Wata Talata injiniyan ya ɗaga sanda kafin tafin ya miƙe. Ƙarfen ya sami Mai Awo a gefen ido.

Idon bai dawo ba. Daga baya magana ma ta soma yi masa nauyi. Masu filin suka kafa doka, kada kowa ya ƙara tsayawa bayan mai bugu. Ba wanda ya ce an kore shi. Mai gadi ne dai ya fara tambayarsa wurin wa ya zo.

Injiniyan bai taka gidan Mai Awo ba, amma ya aiko direba da jakarsa, sanda goma sha huɗu, a sake musu robar mariƙi. Mai Awo ya sa a ransa cewa ranar da ya mayar da jakar a kafaɗarsa za a buɗe masa ƙofa. Yakan zauna a bakin ɗaki, ya feɗe tsohuwar roba da reza, ya zura sabuwa da lalube. Sanda ɗaya takan ci masa mako guda. Ban gaya masa injiniyan ya daina zuwa filin ba.

Bai ga ƙarshen damina ba. Bayan an watse daga gaisuwa, matarsa ta jawo jakar zuwa gabana.

"Yaya, wa zan kai wa?"

Tara ya gama. Ta goman tana jingine da bango, an feɗe robar zuwa rabi, rezar na maƙale a ciki.