Matar da Ta Ƙi Mayar da Ja Kore

Kullum da sassafe, kafin motar farko ta bar tashar Túquerres ta gangara Pasto, Doña Nubia Cuaspud tana tsaye gaban allonta, baƙin kofi a hannun hagu, alli mai launi a dama. Tun da ƙungiyarmu ta motocin haya ta ɗauke ta aikin tsare-tsare, shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ta kafa allon a bangon da direbobi ke jingina, ta raba shi gida huɗu. Akwai gidan kuɗi. Akwai na fasinja, ko sun isa a kan lokaci, ko an zage su, ko buhun dankalinsu ya ɓace. Na uku na gareji ne, birki da taya. Na huɗu kuwa na direbobin kansu ne, horon da aka ba su da barcin da suka samu tsakanin tafiya da tafiya. Abin da ya yi kyau ta shafa masa kore, mai tangal-tangal rawaya, wanda ya lalace ja.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi mata bikin ritaya, kuma har yau ran wasunmu a ɓace yake. An ba ta injin markaɗe da furen roba. Lambar yabo kuwa manaja aka miƙa wa, Don Arcesio Chamorro, wai saboda ƙungiya ta yi shekara da shekaru ba ta zubar da fasinja ko ɗaya a kwazazzabo ba. Ya tashi ya yi ta zuba, ya gode wa Allah, ya gode wa matarsa, har kamfanin taya ya gode wa. Sunan Nubia bai fito daga bakinsa ba sai da ake neman mai yanka kek. Kunya dai ba ta ishi kowa ba a garin nan.

To, ga abin da masu shara da masu sayar da tikiti suka gani da idonsu. Wata shekara lokacin bikin Janairu na Pasto, fasinja kamar ƙasa, motoci na zuwa suna dawowa ba a ko kashe inji. Gidan kuɗi ya yi kore shar, gidan barcin direbobi ya yi jawur. Wannan Don Arcesion mai lambar yabo ya sauko daga ofis yana murmushin da ba ya kai ciki.

"Doña Nubia, jan nan naki yana tsorata fasinja. Ki haɗa gidajen huɗu mana ki fitar da matsakaici, ai kore zai ba ki."

"Kankana kake so in zana maka, Don Arcesio? Waje kore, ciki ja?" in ji ta. "In direba ya yi gyangyaɗi a kwanar kogin Guáitara, matsakaicin naka ne zai taka masa birki?"

Tun da daɗewa 'yan ƙungiya sun ɗaga hannu a babban taro sun amince cewa direban da barcinsa ya yi ja ba a ba shi makulli. Sun amince ne a watan da ba fasinja, lokacin da amincewar ba ta cin kowa komai. Da ranar cika alkawari ta zo, duk suka noƙe suka bar mace ɗaya riƙe da makullai.

Da hantsi sai ga Eliécer Tapie, gwanin direbobin tashar, wanda ya riƙe mata ɗa a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre da comadre. Ya kwana biyu bai sa haƙarƙarinsa a katifa ba, motarsa kuma ta cika maƙil, mata da yara da kaji.

"Comadre, miƙo makulli, lodi ya cika."

"Compadre, ka duba idonka a madubi kuwa? Kamar garwashi."

"Ni za ki koya wa tuƙi? Tun kina ƙirga da yatsu nake hawa dutsen nan! Barci na ragwaye ne. Haba, comadre, gaban yaran nan za ki tozarta ni?"

Nubia ta san in ta hana shi, zumuncinsu ya mutu. Ta kuma san zurfin Guáitara. Ta zuba masa kofi ta ce, "Zauna ka sha, bari in dubo makullin a ciki." Ta shiga ofis ta tsaya bayan ƙofa, makullin na aljihunta. Ko da ta fito, Eliécer ya jingina kai da allon, daidai ƙarƙashin jan, baki buɗe, kofin ya kife masa a wando, yana minshari. Tasha ta ɗauki dariya. Wani direban da ya huta ya ja motar, shi kuwa bai farka ba sai da rana ta karkata. Daga ranar abokansa suka sa masa suna Don Filo. Ya rasa cinikin biki, ya rasa girmansa, kuma bai sake gaishe ta ba.

Sauran direbobin ma ba su gode mata ba. Danja suke kiranta, in ta wuce su tofar da yawu. Matansu kuwa, waɗanda albarkacinta ba su taɓa sa baƙin kayan takaba ba, sukan kau da kai in sun haɗu a kasuwa.

Ke ce, Doña Nubia, kika gane cewa ƙungiyar da kuɗi kaɗai take aunawa za ta yi ta murna har bakin rami. Ke ce Danja mai tsayar da babbar mota. Aikinki shi ne hatsarin da bai faru ba, shi ya sa ba a ga abin da za a rataya miki a wuya ba. Mun gode, mu da muka je Pasto muka dawo ba mu san an yi faɗa a kan ranmu ba.

Shekaranjiya aka ciro allon daga bango. Awon ya koma cikin kwamfutar manaja, an ce komai kore ne yanzu. Ku 'yan ƙungiya, ku buɗe baki a taro mai zuwa ku ce a dawo da shi inda kowa zai gani, da gidajensa huɗu. Ku matasan da kuka gaji kujerarta, in abu ja ne ku shafa masa ja, ko za a daina gaishe ku.

Eliécer ya zo bikin ritayar nan. Ya zauna can ƙurya da jikarsa a cinya, ya ci gasasshen nama ya ƙoshi, ko kallon inda Nubia take bai yi ba. Wata ta matso ta ce, "Doña Nubia, bari mu je mu sa baki, gabar nan ta isa haka."

Nubia ta daɗe tana kallonsa yana goge wa jikar tasa baki da hankici, sannan ta girgiza kai.

"Ku ƙyale compadre ya yi ta gabarsa. Gawar da aka ciro daga Guáitara ai ba ta gaba da kowa."