Mai Karanta Bakin Dirhami

"Da me kika goge shi?"

"Da toka da lemun tsami, Baba. Kunya na ji in kawo maka abu da dauɗa."

"Ai dauɗar ce rigarsa, 'yata. Kin tuɓe dattijo a gaban jama'a."

Ta yi ƙoƙarin dariya, hawaye suka riga ta. Tela ce. Mahaifiyarta ta rasu, da aka kwance ƙullin kayanta sai ga wani ɗan ƙarfe mai huda, da zane kamar sanduna a tsaitsaye. Kawunta ya duba ya ce asiri ne. Tun daga ranar, in an ambaci marigayiyar, ciki-ciki dangi ke cewa Allah ya jiƙanta.

Wanda ta kawo wa ƙarfen shi ne Baban Dirhami, kamar yadda ma'aikatan gidan adana kayan tarihi ke kiransa, kuma ranar ce ta ƙarshe gare shi a bakin aiki. Tun gashinsa na baƙi yake ɗakin nan na ƙurya. Kullum da safe zai wanke hannu kamar mai shirin alwala, ya jawo teburinsa bakin taga, don bai yarda da hasken da ke faɗowa daga sama ba. Ya ce rubutun da ya sha hannaye sai hasken gefe ke tashinsa. Ba ya kama tsohon kuɗin ƙarfe a fuska, sai a baki, kuma daga bakin yake fara karatu, inda maƙeran dauri suke sa sunan gari da shekara.

Mai gadi ya ga ranar da ya ruga kasuwa da takalmi wari-wari, don ya ji wani maƙeri zai narkar da dinari ya yi zobe. Mai shara ta ce ta sha tarar da shi ya wuni kan kuɗi guda, da yamma ya ajiye ya ce, "Wannan ban san shi ba."

Kai ne, Baba, mai jin maganar waɗanda ƙasa ta daɗe da rufewa. Idonka ka bayar, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya taɓa tafa maka. Mu da muka yi aiki tare da kai, mu ne shaida.

Ya karkata ƙarfen, ya kanga gilashi a idonsa mai sauran gani. Ya daɗe.

"Tokarki ta cinye sunan garin, Allah ya so ta bar shekarar. Dirhami ne na azurfa, ya haura shekara dubu. Rubutun da ne, ba ɗigo ba wasali, shi ya sa ba ku gane shi ba. Miƙo yatsanki."

Ya bi da yatsan kan sandunan, a hankali. "La ilaha illallahu, wahdahu la sharika lahu."

Ta durƙushe. "Inna! Ashe sunan Allah kike ɓoyo!"

"Dubi yadda hudar ta suɗe. Wuyan iyaye mata da yawa ya ratsa kafin ya zo gare ta."

Mun gode, Baba. Allah ya saka, ya bar maka hasken da ya rage. Ku kuma matasa masu ido garau, kujerar nan ta bakin taga gobe ba kowa a kanta, ga tire-tiren kuɗi da ba a karanta ba.

A falo abokan aiki sun jera kujeru don yi masa ban kwana, an aiko kiransa. Telar ta share fuska ta ce, "Baba, ko na faɗa wa Kawu, cewa zai yi ƙage na yi don in wanke uwata."

Ya sa gilashin a aljihu, ya lalubo sandarsa.

"Ku ce su fara ba tare da ni ba. Tashi mu je, 'yata. Da bakina zan karanta masa."