Mzee Shaame Kombo, Mai Nutso a Kan Tudu

Da an idar da sallar asuba, mazan ƙauyenmu sukan gangara bakin teku su duba yanayin ruwa. Mzee Shaame Kombo, wato dattijo Shaame, ba ya binsu. Yakan zagaya ta bayan kasuwar kifi yana jan ƙafarsa ta hagu, ya tsaya wurin mai shayi ya sha kofi guda da fanken da muke kira mandazi, sannan ya wuce ɗakin da ke bayan asibitinmu, inda tankin jinyar masu nutso yake. Zai goge ƙarfen, ya shafa robar bakin ƙofa da yatsa ko ta tsage, ya kasa kunne a jikin bututun ko iska na zurarewa. Sau da yawa wata guda kan wuce ba a kawo mana kowa ba, amma haka zai yi kullum. Ba wanda ya ɗauke shi aiki kuma ba wanda ke biyansa. Da ɗinkin tarun masunta yake ci da gidansa.

Ni Mwanakheri, ana ce mini Bi Mwanakheri, kamar a ce Malama, nas ce a wannan asibiti na gabashin tsibirin Unguja, kuma ni ke zama a wajen tankin ina murɗa famfon iska. Shekaru da dama muna wannan aiki tare, shi a ciki ni a waje. Yanzu da ya ajiye aikin, na ga ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana da kunnen ji.

Aikin tankin ba shi da wuyar fahimta. Idan mai nutso ya daɗe a ƙasa sannan ya taso da gaggawa, iskar da ta jiƙa jininsa takan yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka fizge murfinta. Kumfar ta tsaya a gaɓa, mutum ya yi ta kuka, ta tsaya a laka, ƙafafu su mutu. Sai mu sa shi a tanki, mu matsa iska har jikinsa ya ɗauka ya koma zurfin gaba goma, mu ba shi oksijin, mu taso da shi a hankali. Abin yakan ci rabin yini. Da an fara, matsin iskar kan danne ƙofa, ba mai iya buɗe ta. Dole kuwa wani mai lafiya ya shiga ya zauna da majiyyacin, ya sha matsin da yake sha.

Shaame ne mai shiga. A da, kaf gaɓar tekun nan ba wanda ya kai shi tsintar jongoo, halittar nan ta ƙasan teku da 'yan kasuwa ke busarwa su kai Sin. Ciwon ya buge shi tun ba a kawo tanki ba. 'Yan'uwansa suka yi masa abin da suka sani: suka binne shi zuwa wuya a yashi mai zafi, suka murje shi da man kanumfari. Allah ya tashe shi, amma ƙafar hagu ba ta dawo daidai ba, kuma aka ce shi da tulun iskar nutso sun rabu har abada. Ranar da aka kawo tanki aka nemi masu sa kai, shi ya fara ɗaga hannu. Mutane suka ce tausayi ne. Akwai tausayi, amma ni na san ba shi kaɗai ba ne.

Akwai 'yar taga ta gilashi a jikin tankin, faɗinta bai wuce faranti ba. Ta nan nake ganinsa. Da na fara sakin iska, zafi ya tashi a ciki, sai ya toshe hanci ya buɗe kunnuwansa, ya duba majiyyaci, sannan ya lumshe ido na ɗan lokaci. Fuskar da yake yi a wannan lokacin ban taɓa ganinta a masallaci ko wurin biki ba. Mutumin da aka raba da teku ne ya samu hanyar komawa ƙasa, ko da babu ruwa.

Wata rana na ce masa ta lasifika, “Mzee, barci kake yi ko aiki?”

Ya ce, “Ke dai murɗa famfonki, 'yar nan. Mun kusa kaiwa wajen duwatsu.”

“Waɗanne duwatsu? Katifa ce kake kai.”

“Ke da ko wankan teku sai da bokiti, me kika sani?”

Tankin nan da an bar shi ga likitoci kaɗai, da tuni ya zama ɗakin ajiye tsintsiya. Mutanenmu tsoronsa suke yi. Idan ciwon ya bugi mai nutso, abin da ake fara cewa shi ne aljanin ruwa ya taɓa shi, sai a ɓoye shi a ɗaki ana turare. Shaame kan je har gidan. Bai taɓa yi wa kowa gardamar aljani ba. Masunta da dama sun ji shi yana cewa, “To, na yarda, a ƙasa ya kama shi. Ku ba ni shi in mayar da shi can, abin ya sake shi, in dawo muku da shi.” Kuma duk wanda aka kawo mana yana zuwa ne yana ƙyalli da man kanumfari da na kwakwa, alhali ɗigon mai a cikin oksijin gobara ne. Shaame ne ke tuɓe ƙattin maza ya wanke su da sabulu, yana yi musu ba'a har su manta da kunya. Akwai wata Baturiya da ta zo yawon buɗe ido, ta shiga tana ihu tana dukan ƙarfe. Ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin namu. Ya riƙe mata tafin ƙafa yana numfashi da ƙarfi a hankali, har nata numfashin ya bi nasa.

Kai ne wannan, Shaame ɗan Kombo, ɗan rakiyar masu tsoro. Kai ne ka riƙe wa mazajen ƙauyen nan tasar amai ba ka taɓa faɗa a wurin shayi ba. Akwai yaran da ubanninsu ke ɗaga su sama yau saboda ka yarda an rufe ƙofa da kai.

A damunar bara aka yi mana gwajin da ake yi wa masu shiga tanki. Hoton ƙirjinsa ya nuna wata 'yar jaka ta iska a huhun dama. Dakta Faki, likitanmu, ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya: idan ya sake shiga, wurin na iya fashewa lokacin tasowa, kuma ba za mu iya buɗe ƙofa mu ciro shi ba. Shaame ya ce to. Washegari ya zo ya goge ƙarfe kamar kullum, sai dai ya daina tsokanata, abin da ya fi komai damuna.

Ba a jima ba aka kawo Pandu da hantsi a kan ƙyauren ƙofa. Magidanci ne, ɗan Makame, abokin nutson Shaame da ya rasu, kuma a kwalekwalen Shaame ya koyi sana'ar. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai. A wannan ciwon, duk jinkirin da aka yi ƙafa ake yi wa asara. Muka wanke shi, muka kai shi bakin tanki, sai ya ƙanƙame ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

Ya ce, “Wallahi ba na shiga kabarin nan sai da Kawu.”

Dakta ya ce, “Pandu, kawunka ba ya shiga yanzu. Bi Mwanakheri za ta raka ka.”

“To a mayar da ni gida in mutu a gaban uwata.”

Na waiwaya, sai na ga Shaame ya riga ya cire takalmi, ya ɗauki rigar audugar da muke sawa a ciki. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba tsoro na gani a fuskarsa ba, ɗoki ne. Ga dalili ya samu wanda ba mai zarginsa a kai. Dakta ya je ya tsaya a bakin ƙofa.

Shaame ya ce, “Sau ɗaya, Dakta. Ɗan Makame ne fa.”

Dakta ya ce, “Idan ka faɗi a ciki, Mzee, wa zai riƙe shi? Ka mayar mini da majiyyaci ɗaya biyu.”

Shaame ya dubi rigar da ke hannunsa. Sannan ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba, ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo a gefen Pandu.

Ya ce, “Kai, dube ni. Ranar da ka fara nutso, na bi ka ƙasa?”

“A'a, Kawu.”

“Ina nake?”

“Kana sama riƙe da igiya.”

“To yau ma haka ne. Ni zan murɗa famfo da hannuna, ni zan taso da kai. Matar nan kuwa hannunta ya fi nawa sanyi, bakinta ne kawai ba shi da magani. Saki ƙarfen nan, kana ba ni kunya.”

Pandu ya saki. Muka shiga, ƙofa ta rufe. Ranar ce na fara ganin tagar nan daga ɗaya ɓangaren da fuskarsa a ciki. Ya saukar da mu a hankali, muryarsa na fitowa ta lasifika tana gaya wa Pandu inda muka kai: nan hasken rana ya fara zama kore, nan ruwan ya yi sanyi, ga bakin dutsen nan inda jajayen kifi ke taruwa, kar ka taɓa, akwai ƙaya. Bai yi shiru ba har la'asar. Pandu na jinsa da abin oksijin a fuska, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ni ma na yi kuka, don na gane ba Pandu kaɗai yake gaya wa ba. Kowane lungu na wurin nan yana nan a kansa, kuma ya san ba zai sake zuwa ko kusa da shi ba. Can da yamma na soka wa Pandu allura a babban yatsan ƙafa, ya ce, “Kai, Bi Mwanakheri, mugunta ce?” Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Sai da aka sake sa shi a tanki wasu lokuta, amma yau yana tafiya kasuwa da ƙafarsa.

Mun gode, Mzee. Mun gode da shigar da ka yi duk waɗannan shekaru, mun kuma fi gode maka da ranar da ka tsaya a waje. Allah ya saka maka, ya ba ka tsawon rai da huhun da zai kai ka.

Ku kuma masu ƙarfi a jika, malaman makaranta, direbobi, masu shago, masu nutso da kanku, tankin nan yana neman wanda zai zauna a ciki. Ba ilimin likita ake buƙata ba, za a koya muku abin da ya wajaba. Kunne mai lafiya ake so, da haƙurin zama kusa da mutumin da ke cikin tsoro. Ku zo tun Shaame na nan, ya nuna muku yadda ake yi.

Kwanan baya na bi ta gonakin ciyawar teku lokacin da ruwa ya janye. Na tarar da matarsa Bi Tatu a tsaye, ruwa iya ƙugunta, ta bar igiyoyin ciyawarta suna lilo. Shi kuma yana kwance rub da ciki a saman ruwan, sanye da tsohon gilashin nutso, fuskarsa na kallon ƙasa. Ta damƙe bayan rigarsa da hannu biyu.

Na ce, “Mama, me kike riƙe masa? Ruwan nan ko akuya ba ya ci.”

Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, “Ke ba ki san shi ba ne. In na sake shi, tafiya zai yi.”