Takin Birni a Bakin Rijiya

Da ana mayar da aiki baya, da na kwashe takin da na jibge a bakin rijiyar gidanmu, da kuma ban yi shirun kwana uku ba. Na tsufa, karatuna bai wuce na allo ba, amma zan rubuta yadda aka yi.

A ƙauyenmu na gefen Dawanau gona ba ta hutawa, sai da taki. Wani rani na yi ta kora jakuna birni da itace, in dawo da mangala cike da sharar juji, har da abin da ake kwasowa daga salga. Don kada wani ya ɗiba, ban kai gona ba. Na tara shi inda idona ke gani, kusa da rijiya, wadda bakinta daidai yake da ƙasa. A ranin ne kuma muka yi faɗa da ƙanena kan iyakar gona, na hana iyalinsa jefa guga a rijiyata. Suka koma wata mai nisa.

Ruwan farko ya sauka. Bayan mako biyu masassara ta shigo, ba irin wadda muka sani mai zuwa ta tafi ba. Wannan kullum ƙaruwa take, ciki ya yi ta ciwo, harshe ya yi fari, mutum ya kama sambatu. Muka binne maƙwabta biyu. Sannan ta kama 'yata ta fari.

Matata ce ta gano. Ta ce, "Malam, ka lura gidan ƙanenka ko ciwon kai babu?"

Na ce, "Su ai ko ciwo ba ya iya zama da su."

Ta ce, "Ba ruwanmu suke sha ba. Je ka dubi inda ruwan sama ya bi."

Na je, na ga baƙar hanya daga tulin takin har cikin rijiya. Kunya ta hana ni magana kwana uku, mutane na ta ɗiba, har wasu biyu suka kwanta.

Rana ta huɗu na tafi gidan ƙanena. Ya ce, "Yaya, iyakar ka zo sake aunawa?"

Na ce, "Ruwa na zo roƙo."

Da kansa ya ɗauki tulu. Bayan sallar la'asar na tsaya gaban jama'a na faɗi laifina. Muka cike rijiyar, muka haƙa sabuwa a kan tudu, muka ɗaga bakinta da itace da laka. Ciwon ya ja baya har ya ƙare. 'Yata ta tashi bayan wata guda, gashi ya zube, tana neman tuwo da miyar kuka. Yau jikokinta ke jan ruwa a sabuwar rijiyar nan, kuma masassarar ba ta sake yi mana irin wannan ɓarna ba, alhamdulillahi.

Ina roƙon mai karanta wannan, ya kai takinsa gona tun ranar da ya sauke shi. In kuma ya ga baƙar hanya irin wadda na gani, ya faɗa a ranar.