Bishiyoyin Yaya Hadiza da Aka Zuba a Shara

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayata Hadiza a unguwar Longsight ta Manchester, kuma har yau idan kaka ta shigo, ganye ya yi ja, sai raina ya ɓaci.

Da girmanta ta fara koyon zane, a wani ɗan aji a Gorton, idan ta taso daga aikin kula da tsofaffi. Da farko kore shar take yi wa bishiyoyinta, wai ita ba za ta zana busasshen ganye ba, a gida alamar wahala ce. Sai da malamarsu ta fitar da su fili da yamma, ta ga yadda rana ke faɗuwa a bayan jajayen ganye, sannan ta sallama. Ta koyi shimfiɗa rawaya tukuna, ta bi da ja tun fenti bai bushe ba, baƙaƙen rassa su zo ƙarshe. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe ajin, ta ci gaba a kicin, tana ciwo tana yi.

Ranar sadakar uku, ƙanin mijinta Sani ya zo daga Erdington, ya kwashe zanen kaf ya zuba a shara. Wai hoto yana hana mala'iku shiga gida. Ko tsuntsu babu a ciki, bishiya ce da rana. Bai shawarci kowa ba.

Bana Sani zai sauke farali, yana bin gida gida neman gafara kamar yadda aka saba. Ya zo wurina ya ce, "Bilkisu, don Allah a yafi juna, it's been years, shekaru sun ja."

Na san da Yaya na raye dariya za ta yi, ta ce a bar shi, fenti ne kawai. Ita ce mai haƙurin dafa dutse, ni ban samu wannan rabon ba. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Na ce masa Allah ya kai shi lafiya, amma ban yafe ba, mu haɗu a gaban Allah. Na ji daɗin yadda fuskarsa ta canza, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya rage na Yaya bai wuce labarin da nake bai wa 'yarta Amira ba, wadda ta bari tana shekara huɗu. Takan tambaye ni da Turancinta na 'yan Manchester ko da gaske mamanta ta iya zane. Nakan ce ta iya ƙwarai. Ba ni da ko ɗaya da zan nuna mata.